Bindigogin Gado: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kula da Su da Ajiyarsu a Bauchi da Gombe

A gidajen maharba, da na 'yan bindigar fada, da na tsofaffin sojoji da ma'aikatan En'e, sau da yawa sai an share makoki an buɗe ɗakin marigayi sannan a ga abin da ya bari: adaka, wato bindiga mai ɗuri ta baki, jingine bayan ƙofa, mai baki biyu a ƙarƙashin gado, wata kuma naɗe cikin buhu a saman rufi. Ga tambayoyin da magada suka fi yi, da amsoshinsu.

Mun tarar da bindigogi a ɗakin mahaifinmu. Me za mu fara yi?

Ku ɗauka kowace ɗaya a ɗure take. Maharbi na ajiye bindigarsa a shirye saboda ɓarawo ko dabbar da ke ɓarna a gona, kuma ajali ba ya ba shi damar sauke ɗurin. A fitar da yara, a kulle ɗakin, mutum ɗaya mai hankali ya riƙe makulli. Wanda zai taɓa bindigar ya juya bakinta wajen da babu kowa, kamar buhun yashi ko ƙasa mai laushi. Ƙofar katako, labule da kwanon rufi ba sa tare harsashi, siminti kuma yana iya dawo da shi. Yatsa kada ya kusanci kunama. Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, kuma wannan hanin ya haɗa da wasa.

Bindigar farauta da ake karyawa ta fi sauƙi: a tura ƙarfen buɗewa da ke samanta gefe, ta karye, a zare harsashi, a leƙa bututun ta baya har a ga haske a ɗaya ƙarshen. Idan ta ƙi buɗewa, kada a buga ta da guduma ko a kan gwiwa. A bar ta yadda take, a nemo wanda ya san aikin.

Adaka fa? Ba a karya ta, yaya za a gane tana da ɗuri?

Nan ne aka fi samun asarar rai, saboda ido ba ya ganin abin da ke gindin bututu. Albarushin gargajiya ba ya mutuwa don tsufa. Muddin ruwa bai taɓa shi ba, ɗurin da aka yi shekara 40 da suka wuce zai tashi yau kamar na jiya.

Da farko a duba inda gudumar ke sauka. Idan akwai 'yar hular da ke ba da tartsatsi a kan hancin, wato ɗan bututun da ke kai wuta ga albarushi, a ɗaga gudumar kaɗan a riƙe ta gam da babban yatsa, a cire hular, a saukar da gudumar a hankali. Sannan a samo siririyar sanda ta itace wadda ta fi bututun tsawo. Ta ƙarfe ba ta dace ba, tana iya ƙyasta wuta. A tsaya daga gefe, fuska da tafin hannu nesa da bakin, a riƙe sandar da yatsu biyu a zura ta har ta tsaya. A yi mata alama daidai baki, a zaro ta, a kwantar da ita a jikin bututun daga waje, alamar na daidai da baki. Idan ƙarshen sandar ya kai wurin hancin, babu komai a ciki. Idan ya gaza da fiye da santimita 2, akwai ɗuri ko wani abu da ya toshe. Cikakken ɗuri, wato albarushi da tsumma da dalma, yakan ci santimita 4 zuwa 8.

Kada a ce bari a harba ta sama ta fita. Bututun da ya shekara yana tsatsa a ciki na iya tarwatsewa a hannun mai harbin. Kada kuma a kai ta kusa da wuta don ɗurin ya saki. Gogaggen maharbi yakan jiƙa albarushin da ruwa ta hanci da ta baki, ya bar shi ya sha sosai, sannan ya zaro tsumma da dalma da sanda mai murɗaɗɗen kai. Wannan aikin nasa ne, ba na ɗan koyo ba.

Marigayin yana da lasisi. Bai wadatar da mu ba?

Bai wadatar ba. Lasisin na mutum ne, ba na gida ba, kuma ba a gadonsa. Dokar Bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959, ta ba wanda kayan mamaci ke hannunsa kwana 14 kacal daga ranar rasuwa ya riƙe bindigar da marigayin ke da lasisinta. Ko a cikin kwanakin nan, 'yan sanda na da ikon karɓarta su ajiye a ma'ajiyar makamai ta gwamnati har sai an ba wani sabon lasisi. Kwana 14 kuwa suna ƙarewa tun ana karɓar gaisuwa, shi ya sa bai kamata a jira sadakar arba'in ba.

Ku je wurin Baturen 'yan sanda na yankinku da takardar lasisin, da shaidar rasuwa, da lambar kowace bindiga a rubuce. Kada ku tafi da bindigar a karon farko. Mutum da bindiga a kan babur a shingen bincike, bayaninsa ba ya samun mai saurare. Ku sanar, su faɗa muku yadda za a kawo ta ko su aiko a ɗauka. Yana da kyau mai unguwa ko dagaci ya sani, kuma idan da hali a tafi da lauya. Duk abin da aka miƙa, a karɓi takarda mai ɗauke da irin bindigar, lambarta, adadin harsasai, kwanan wata da sa hannun jami'in da ya karɓa.

Kowace iri ce ake ba wa lasisi?

A'a. Dokar ta raba bindigogi gida uku. Na farko su ne haramtattu: bindigogin soja, masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu. Waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa. Tsohuwar .303 da kaka ya dawo da ita daga yaƙin Bama, ko abin da wani ya ɓoye bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, duk nan suke, kuma hukuncin riƙe su ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Tsufansu ba hujja ba ne a gaban alƙali. Mafita ɗaya ce, a miƙa su ta hanyar da muka bayyana.

Na biyu su ne na farauta, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Wadda ke ɗura wa kanta harsashi na gaba, ko wadda aka yanke bututunta ya gaza inci 20, ta fita daga wannan rukuni. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, wato adaka ko bindigar toka, da ake neman bayanin ƙa'idarsu a ofishin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Harsashi ma sai da izini. Dokar ta ce ba a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka gabata. Kuma ba da lasisi ganin dama ne na hukuma, ba haƙƙi ba ne, don haka magaji ya shirya wa yiwuwar bindigar ta daɗe a ma'ajiyar gwamnati.

A wajen rabon gado, ta babban ɗa ce?

Bindiga dukiya ce kamar gona da shanu. Mata da 'ya'ya mata da marayu ƙanana duk suna da rabo a cikinta. A yi mata kuɗi a gaban malamin da ke rabon ko a kotu, wanda zai iya samun lasisi ya ɗauke ta a cikin kasonsa, ko ya biya sauran. Ba a sayar wa wanda ba shi da izinin riƙewa, ba a ba da aro, ba a jinginar da ita. Idan aka yi ɓarna da ita, lambar da ke jikinta gidanku za ta dawo.

Jikin ƙarfen ya yi ja da tsatsa. Da me za a goge?

Mafi yawan tsofaffin bindigogi da suka lalace, mai gyara ne ya lalata su da samfefa. Ƙarfen bindiga na da rufin shuɗi-baƙi ko ruwan ƙasa mai santsi da ke kare shi. Wanda ya kankare shi har ƙarfe ya yi fari ya cire garkuwar, ya share tambarin maƙera, kuma cikin mako biyu na damina tsatsar za ta dawo fiye da da.

Tsatsa iri biyu ce. Akwai tsohuwa mai duhu da santsi wadda ta zauna ba ta ci gaba, wannan a bar ta. Akwai ja mai gari da ke kama yatsa, ita ce ke cin ƙarfe. Ga yadda ake yi da ita, bayan an tabbatar babu ɗuri. A share ƙura da busasshen burushi mai laushi. A ɗiga mai mara kauri a wurin, a bar shi kwana ɗaya. A goga da tsumman auduga. Abin da ya ƙi fita a bi shi da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, jiƙe da mai, a bi tsawon bututu da hannu mara nauyi, ana share jan ruwan da ke fitowa akai-akai, don shi kansa yana karce. Ɓawon da ya taurare a kankare shi da gefen tagulla, domin tagulla ta fi ƙarfen laushi. Soson wanke tukunya, ruwan batir, lemon tsami, toka da yashi, duk kada su kusance ta.

Wajen kwance sukurori kuma, bakin sukudireba ya cika tsagar daidai. Wanda bai cika ba yana zamewa ya yaga kan sukurin, irinsa kuwa ba a samunsa a kasuwa. Idan ya ƙi juyawa, a ɗiga mai a dawo gobe.

Wane mai ya dace?

Man bindiga na kanti idan an samu. In babu, man keken ɗinki yana aiki sosai. Man gyaɗa, manja da man shanu suna tsami su yi danƙo, su riƙe ƙura, su maƙale kunama. Baƙin mai da aka juye daga inji cike yake da datti da sinadarai masu cin ƙarfe. Man feshi na WD-40 yana korar ruwa kuma yana sassauta abin da ya cije, amma ba ya daɗewa, sai an bi shi da mai na gaske.

Ɗigo huɗu ko biyar a tsumma sun isa duk jikin bindiga. Ƙarfen ya yi sheƙi, kada ya yi naso. Wadda za a ajiye shekara ba a taɓa ba, a shafa mata basilin siriri ciki da waje, ko kakin Renaissance Wax da gidajen tarihi ke amfani da shi. Gumin hannu na da gishiri, shatin yatsa ɗaya na iya zama tabon tsatsa cikin kwana biyu a watan Agusta, saboda haka duk wanda ya taɓa ya share kafin ya mayar.

Cikin bututun fa?

A ɗaura tsumma a sanda, a jiƙa da mai, a bi ciki, a canza har ya fito da tsabta, sannan a bar mai kaɗan. A haska da tocila a nemi ramukan tsatsa, kumburi ko lotsawa. A nan ƙasar akwai wani maƙiyi da littattafan Turawa ba su cika ambata ba: zanzaro. Yana son bakin bututu, ya gina ɗakinsa na laka a ciki, lakar ta riƙe laima ta ci ƙarfen, kuma idan aka harba a haka bututun ya fashe. Kada a toshe bakin da tsumma don hana shi, tsumman ma laima yake tarawa. Rufaffen akwati ne maganinsa.

Adakar da aka harba a hawan Sallah tana bukatar wanki a ranar. Tokar albarushi na janyo ruwa daga iska, kuma mai kaɗai ba ya narkar da ita. A zuba ruwan zafi da ɗan sabulu ta baki, a wanke da sanda da tsumma har ruwan da ke fita ta hanci ya daina baƙi, a ɗauraye da ruwa mai zafi sosai don ƙarfen ya bushe da kansa, a busar da tsumma, sannan a shafa mai. Washegari a sake dubawa.

Itacen ya tsage, kuma akwai layu ɗaure a jiki.

Itace na kumbura da damina ya tsuke da hunturu, daga nan tsagar ke farawa, musamman a wuyan da hannu ke riƙewa. Ana share shi da tsumma mai ɗan danshi, a busar, a shafa man linsid irin na kafintoci ɗigo uku ko huɗu da tafin hannu, a goge ragowar bayan minti 20. Sau biyu a shekara ya isa. Tsumman linsid yana iya kamawa da wuta da kansa idan aka dunƙule shi, don haka a jiƙa shi da ruwa kafin a yar. Man ƙarfe kada ya shiga itace, yana baƙanta shi ya ruɓar da shi. Tsagar da ta kai wuya aikin gwani ce, ƙusa da waya ƙara ta suke yi.

Idan aka ga ƙananan huji da gari kamar na dawa a ƙasa, ƙwaro na ciki, a ware wannan bindigar daga sauran. Gara kuwa ta ƙasa da bango take hawa, dare kaɗan ya ishe ta gama da gindin bindigar da aka jingina a ɗakin ƙasa.

Layu da fatar da maharba ke naɗawa wani ɓangare ne na tarihin bindigar, ba ma ba da shawarar a yanke su. Sai dai jemammiyar fata na riƙe laima, tana cin ƙarfe, tana sa tagulla ta yi kore. A zame su gefe a duba ƙarƙashi, a shafa kaki a wurin. Idan ɓarnar ta yi yawa, a ɗauki hoto, a kwance su a hankali, a ajiye su daban cikin ambulan mai lambar bindigar.

Ina ya kamata a ajiye su?

A akwatin ƙarfe mai kulle. Mai walda zai iya haɗa shi da farantin ƙarfe da bai gaza milimita 2 ba, hinjis daga ciki, makulli biyu sama da ƙasa, a kafe shi a bango da noti huɗu don kada a ɗauke shi gaba ɗaya. A ɗaga shi santimita 15 daga ƙasa, a jikin bangon cikin gida, ba wanda ruwan sama ke duka ba. A shimfiɗa katako mai fenti a ciki yadda ƙarfe ba zai taɓa ƙarfe ba. A tsayar da su baki ƙasa, don mai kada ya gangara cikin itace. Guduma a sauke take, domin sifirin da ya shekara a ɗane yana rauni, amma a saukar da ita da yatsa, ba a harba wofi ba.

Wuraren da ba su dace ba su ne waɗanda aka fi sabawa da su: saman rufi ƙarƙashin kwano, inda zafin Maris da Afrilu ke busar da itace, ƙarƙashin katifa, cikin kube na fata, cikin bargo ko buhu, da binnewa a ƙasa.

Makulli na hannun mai lasisi kaɗai. Yara sun san duk maɓoyar gida, don haka saman kabad ba ajiya ba ce. Idan a gidan akwai mai fama da matsananciyar damuwa, ko mai shaye-shaye, ko ana cikin rikici mai zafi, gara a kai bindigogin ma'ajiyar 'yan sanda har ƙura ta lafa. Kada a sa hotonsu a Facebook ko TikTok. Masu garkuwa da mutane da ɓarayin shanu na neman makami ido rufe. Idan an sace ko ta ɓata, doka ta ce a sanar da hukuma cikin kwana 14, amma a ranar ya kamata a je.

Sau nawa za a riƙa dubawa?

Laimar da ta dace a cikin akwati kashi 45 zuwa 55 ce cikin ɗari. A Bauchi da Gombe takan haura 80 a tsakiyar damina, ta faɗi ƙasa da 20 da hunturu. Ƙaramin ma'aunin laima mai batir zai nuna halin da ake ciki. Daga Yuni zuwa Oktoba a saka ƙwayoyin silika, irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi, kimanin giram 500, a duba duk mako biyu. Idan masu canza launi ne, da launinsu ya canza sun ƙoshi, a gasa su a zafin digiri 110 zuwa 120 na awa biyu ko uku, a mayar. Robobin tsotse laima da ke tara ruwa a ƙasansu ba su dace ba, ruwan gishiri ne, in ya zube ya gama da ƙarfe. Da hunturu a cire silikar don itace kada ya tsage, a duba sau ɗaya a wata, a share ƙura, don ƙurar hunturu da mai idan sun haɗu kamar samfefa suke.

Tsofaffin harsasai da albarushi fa?

Ba a ajiye su wuri ɗaya da bindiga. Akwati daban, makulli daban, nesa da murhu, tukunyar gas da janareta. Harsashin da kwalinsa ya kumbura ko gindinsa ya yi kore ba na harbi ba ne. Kada a ƙona shi, kada a jefa a bola inda yara ke tona ko ake cinna wuta, ko a masai ko rijiya. A miƙa wa 'yan sanda. Gorar albarushin da murfinta ya cije kada a murɗa ta da ƙarfi. Idan kuma aka ga gurneti ko wani abu na soja da ba a gane ba, kada a motsa shi ko kaɗan, a fita a kira hukuma.

Bayan an gyara, za a iya harbawa?

Sai da lasisi, kuma sai mai gyaran da ke da izinin hukuma ya duba ta, domin doka ba ta yarda kowane maƙeri ya gyara bindiga ba. A mai baki biyu, tambarin gwaji na ƙarƙashin bututu: na Birmingham ko Landan ga ƙirar Ingila, haruffan ELG ga ta Beljiyam. Da yawa daga tsofaffin na Ingila an yi su ne don harsashi mai tsawon milimita 65, na yau kuwa galibi 70 ne. Zai shiga, amma matsin da zai yi ya wuce abin da aka gwada ta a kai. Bututun da ke da zane kamar murɗaɗɗiyar igiya na zamanin albarushi ne, ba ya jure harsashin yanzu. Idan an rufe bindigar aka girgiza aka ji bututu na motsi, ta saki. Adaka kuwa, musamman ƙirar gida da aka yi da bututun ruwa, kada a taɓa zuba mata garin da aka farke daga harsashin zamani. Walda a jikin bututu ba gyara ba ne. Lasisin bindiga kuma ba izinin farauta ba ne a wuraren da aka keɓe irin su Yankari.

An ce ɗaya ta je yaƙin Burmi. Yaya za mu adana tarihinta?

Yaƙin Burmi an yi shi a 1903 a ƙasar Gombe, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, kuma akwai gidajen da ke danganta makamansu da shi. A zauna da dattawan da suka rage, maza da mata, a naɗi muryarsu: wa ya fara riƙe ta, daga ina ya samo ta, ta hannun wa ta biyo. A buɗe littafi, kowace bindiga da shafinta: iri, tsawon bututu, lamba, tambari, aibin da ke jiki, ranar da aka shafa mai, da hotuna na gefe biyu da na kusa. Lambar jiki kada a taɓa goge ta. Kwafi ɗaya na littafin ya zauna a wani gida. Iyalin da ba sa son riƙewa amma ba sa so a narkar da ita, su rubuta wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ko fadar masarautarsu, su haɗa da hotunan, kuma miƙawar ta bi ta hannun 'yan sanda da takarda.